Muhawara: zane da kiɗa a littafin Proust, mafita ce ko tsanin hawa majalisar manya?

Alƙalamin_Damagaram
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka karanta À la recherche du temps perdu na Marcel Proust har ƙarshe, juzu'i bakwai ɗin nan da suka fito tsakanin 1913 da 1927, ban da waɗanda suka tsaya a kan ɗan kek da shayi. Abin da aka saba koya wa ɗalibai shi ne, wai littafin yana nuna zaman majalisun manya ɓata lokaci ne, fasaha kuwa ita ce mafita. Ni dai ban gamsu ba. Ku dubi Madame Verdurin. Ba ta haɗa jini da gidan sarauta ko ɗaya ba, dukiya ce kawai gare ta. Da me ta hau? Da mai fiyano, da mai zane, da kiɗan Vinteuil, daga baya da 'yan rawar Rasha da suka shigo Faris a 1909. A juzu'in ƙarshe ita ce Gimbiyar Guermantes. Ashe ke nan zane da kiɗa a littafin nan tsani ne, daidai da kuɗi da aure. Mai hujjar da ta saɓa wa haka ya kawo, amma ya faɗi juzu'i da wuri, kada a yi mana da ka.

Malama_Tawa
Wa alaikumus salam Malam. Rabin maganarka gaskiya ce, sai dai ka haɗa masu yi da masu saye a buhu ɗaya. Proust ya ƙirƙiro gwanaye huɗu: Vinteuil mai tsara kiɗa, Elstir mai zane, Bergotte marubuci, da Berma 'yar wasan kwaikwayo. Ɗauki Vinteuil. A kashin farko na juzu'i na ɗaya tsohon malamin fiyano ne a ƙauye, mai yawan kunya, yana zaune a Montjouvain kusa da Combray, mutanen gari suna gulmar 'yarsa. Ya mutu cikin baƙin ciki, bai hau ko matakala ɗaya ba. Da Swann, attajirin maƙwabcin iyalin mai ba da labari, ya ji sonatar, wato kiɗan da Vinteuil ya tsara, a gidan Verdurin aka faɗa masa sunan wanda ya tsara ta, bai ma yarda tsohon nan da ya sani ba ne, ya ce sai dai ko danginsa. Swann ke nan, wanda ake yi wa kallon masanin fasaha, shi ma da tufa da matsayi ya auna mutumin. Wanda ya hau da kiɗan daban, wanda ya yi kiɗan daban.

Ɗan_Birni
Ina bayan Alƙalami. Ku tuna ƙaramar Madame de Cambremer, 'yar'uwar Legrandin. Ta raina Chopin don an daina yayinsa, ga surukarta kuwa gwanar kaɗa shi ce. Ta raina zanen Poussin, ana ce mata ai Degas yana yabon na Chantilly, nan take ta fara sassautawa, ta ce sai ta sake dubawa. Ba kunne ba ido, yayi kawai take bi.

Dogon_Nazari
Kafin a yi nisa, a gyara zaman mutanen, domin yawancin masu kuskuren fassara alamomin littafin daga nan suke zamewa. Faransar labarin jamhuriya ce tun 1870, laƙabin sarauta ba ya ba mutum iko da kowa a hukumance. Abin da ya rage wa 'yan Faubourg Saint-Germain, unguwar tsofaffin gidajen sarauta a Faris, shi ne ikon buɗe ƙofa da rufe ta, su gayyaci wane su ƙi wane. Su kansu ba ɗaya suke ba. Tsofaffin gidaje irin Guermantes suna raina waɗanda Napoléon ya naɗa, irin su Iéna masu sunan fagen yaƙi. Masu sarautar karkara irin Cambremer suna da daraja a lardinsu, a Faris kuwa ba a cika sanin da zamansu ba. Madame de Villeparisis jinin Guermantes ce tsantsa, amma halinta na ƙuruciya ya zubar mata da majalisa, manyan mata ba sa zuwa sai 'yan'uwa na dole.

A ɓangaren masu kuɗi da 'yan boko ma haka. Iyalin mai ba da labari a Combray sun ɗauka kowa yana mutuwa a matsayin da aka haife shi, har littafin ya kamanta tunaninsu da tsarin ƙabilun Hindu. Shi ya sa 'yar'uwar kakansa take yi wa Swann kallon ɗan dillalin hannun jari, maƙwabci mai kawo musu kwandon 'ya'yan itace daga lambunsa, ba ta san ɗan ƙungiyar Jockey ta manyan Faris ba ne, abokin Yariman Wales da Comte de Paris. Wanda bai riƙe wannan taswira ba zai ga kowa mai kuɗi ne kawai, rabin barkwancin ya wuce shi.

Mai_Goge
Misalin da ya fi fito da maganar Malam Dogo yana cikin Sodome et Gomorrhe, liyafar La Raspelière, gidan hutun da su Verdurin suka yi haya. Monsieur Verdurin ya ba Cambremer wurin girma a tebur saboda shi marquis ne, ya je yana ba Charlus, ƙanin Duc de Guermantes, haƙuri wai shi baron ne kawai. Charlus ya jero masa laƙabansa, daga Duc de Brabant har Yariman Oléron da sauransu, sannan ya ce kada ya damu, ai tun farko ya gane bai saba ba. Verdurin ya haddace jerin laƙabai kamar yadda suke a takarda, amma bai san tsufan gida ya fi sunan laƙabi nauyi ba.

Baba_Na_Zongo
Wato dai bambancin karda da shigege, mai gadon abu da wanda ya shigo shi da rana tsaka. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Sai dai a can shigegen ne ya ƙare a kan karagar.

'Yar_Maraɗi
Ku yi haƙuri da ƙanwarku, yanzu na kammala Du côté de chez Swann. Malaminmu ya ce mu fitar da alamomi biyar mu faɗi abin da kowace take wakilta. Na sa madeleine, ɗan kek ɗin nan, tana wakiltar ƙuruciya, furen aubépine tsarki, cattleya sha'awa. Haka ake yi?

Malama_Tawa
Ƙanwata, za ki iya cin maki da shi, amma littafin ba haka yake aiki ba. Proust ya taso a zamanin mawaƙan alamci, waɗanda Jean Moréas ya fitar wa sanarwa a jaridar Le Figaro a 1886, kuma a 1896 ya rubuta maƙala a La Revue blanche yana sukar duhun maganarsu. Ba ya son abu ya zama tambari mai ma'ana ɗaya. Kek ɗin ba ya wakiltar komai. Uwar mai ba da labari ta ba shi shayi ranar sanyi, ya tsoma gutsuren kek, ɗanɗanon ya yi daidai da na wanda gwaggo Léonie take tsoma masa a ruwan furen tilleul safiyar Lahadi, sai Combray gaba ɗaya ta dawo masa. Aikin yana cikin haɗuwar lokaci biyu a kan harshe ɗaya. A daftarin farko ma gasasshen burodi ne a wurin, daga baya ya koma busasshen biskit, sannan kek. Da ma'anar a jikin kek take, da bai yi ta sauya shi ba.

Cattleya kuwa ki dubi yadda ta faro. Dokin keken ya zabura, furen da ke ƙirjin Odette, matar da Swann yake nema, ya karkace, Swann ya nemi izinin gyara shi, daga nan sunan furen ya zama kalmar sirrinsu. Fure ne mai tsada na gidan gilashi, irin na matan da attajirai ke ajiyewa, aubépine kuma na shingen ƙauye ne da bagadin coci a watan Mayu. Kin ga matsayi ya shigo ta cikin furen ba tare da an ambace shi ba.

Dogon_Nazari
'Yar_Maraɗi, ga hanyar da ta fi rage ɓata. Ki ware littafin rubutu, kowane abu da shafinsa. Duk inda abin ya fito ki rubuta abu huɗu: juzu'i da shafi, a gidan wa, wa yake kallo ko saurare, da abin da mai kallon yake so a lokacin. Kada ki rubuta ma'ana sai abin ya fito sau uku. Gwada da ɗan jimlar kiɗan Vinteuil. A gidan Verdurin, Swann yana fara son Odette, kiɗan ya zama taken soyayyarsu. A liyafar Madame de Saint-Euverte, son ya riga ya ruɓe, kiɗan nan dai ya zo ya tona masa ciwo a tsakiyar mutane masu tabarau mai ido ɗaya. A juzu'i na biyu Odette, yanzu Madame Swann, ta kaɗa wa yaron, wato mai ba da labari, a fiyano, bai ma gane komai ba a jin farko. A La Prisonnière ya sake cin karo da jimlar a cikin babban kiɗan mutum bakwai, a nan ne ya fara tunanin ko fasaha tana da wata gaskiya tata. Kiɗa ɗaya, kunnuwa daban. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne su yanke hukunci daga fitowar farko, su ce ai kiɗan yana nufin soyayya, alhali wannan kuskuren Swann ne da littafin yake nunawa.

Idan kina son tsari da aka riga aka yi, Gilles Deleuze a 1964 ya kasa alamomin gida huɗu: na zaman duniya, na soyayya, na ji da gani, da na fasaha. Yana taimakawa, sai dai ya fi littafin tsafta.

Hajiya_Uwar_Ɗaki
Ni a wajena ba wurin da ya kai jan takalmi, ƙarshen Le Côté de Guermantes. Duchesse de Guermantes tana shirin fita cin abinci gidan Saint-Euverte, ta matsa wa Swann ya raka su Italiya baɗi. Ya ce ba zai iya ba, likitoci sun ba shi wata uku ko huɗu. Tsohon amininta ne fa. Ta tsaya tsakanin abu biyu, ta zaɓi mai sauƙi, ta ce ai wasa yake yi. Mijin yana ta faɗa an makara, ƙarfe takwas za a zauna. Tana ɗaga siket za ta hau keken doki ya hango baƙin takalmi a ƙarƙashin jar riga, nan take lokaci ya samu, a koma sama a ɗauko ja. Sannan ya bi Swann da kirari wai zai binne su duka. A daren nan kuma wani ɗan'uwan Duc ɗin yana gargarar mutuwa, shi ko yana ta dabarar kada labarin ya iske shi kafin rawar shigar burtu. Ba huɗuba ko layi ɗaya, takalmi ya gama magana.

Mai_Goge
Hajiya ta kawo mai zafi. Ni kuma a bi min zaren asperges, wani kayan lambu mai kama da ƙananan sanduna, don ya ratsa kicin da falo duka. A Combray yaron yana tsayawa yana kallon launinsu a kan tebur, shuɗi da ja-ja kamar bakan gizo. Mai feraye su wata yarinya ce mai ciki, 'yar aikin kicin, wadda Swann ya laƙaba wa sunan zanen Giotto na Sadaka da ke Padua saboda yadda rigarta ta yi. Sai daga baya aka gano dalilin da ya sa aka ci asperges kusan kullum a wannan bazarar: Françoise, babbar kuku, ta lura warinsu yana tayar wa yarinyar da asma, ta yi ta sayowa har yarinyar ta bar aikin. Wato a ƙasan bene ma akwai mai sarauta da talaka, kuma masu kallon kyan launi da masu kawo sunan Giotto ba wanda ya ga abin da ke faruwa.

A juzu'i na uku sai ga su a bango. Duc de Guermantes yana ba da labarin yadda Swann ya so su sayi zanen Elstir na damin asperges a kan faran 300, ya ce shi louis ɗaya, wato faran 20, ya ishe su ko da sabbin fitowa ne. Farashin kasuwar kayan miya ya yi wa zanen. Wannan kuma yana da tushe a zahiri. A 1880 Manet ya sayar wa Charles Ephrussi zanen damin asperges a kan faran 800, Ephrussi ya aika da 1000, sai Manet ya zana ƙwaya ɗaya tak ya aika masa, ya ce ta faɗo daga daminsa. Ephrussi Bayahude ne masanin zane, yana cikin waɗanda ake dangantawa da Swann tare da Charles Haas.

Alƙalamin_Damagaram
To ai duk ruwa kuke zuba wa shukata. Duc yana da zanen Elstir a gidansa bai san darajarsu ba, matarsa ta kyautar da da yawa ga 'yar'uwarsu, da sunan Elstir ya tashi ta koma tana cizon yatsa. Elstir ɗin ma ai ɗan majalisar Verdurin ne a da, ana ce masa Biche, yana zuba shirme a tebur. Malama, ina mafitar?

Malama_Tawa
Mafitar tana cikin abin da ka faɗa yanzu, Malam. Sai da Elstir ya bar majalisar ya koma bakin teku a Balbec ya kulle kansa a ɗakin aiki sannan ya zama Elstir. Madame Verdurin kuwa har gobe cewa take yi tun da ya bar ta ya lalace. Zanensa na tashar jirgin ruwan Carquethuit shi ne darasin da yaron ya ɗauka: an zana gari da siffofin teku, teku da siffofin gari, ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. Siffantawa ke nan da fenti, kuma da ita aka gina salon littafin duka.

Swann shi ne gargaɗin. Odette ba ta yi masa ba da fari, sai da ya ga ta yi kama da Zéphora, 'yar Jethro, a zanen Botticelli na ɗakin ibadar Sistine, ya ajiye hoton zanen a teburinsa a madadin nata. Yana da rubutu a kan Vermeer da ya yi shekaru bai gama ba, ya mai da shi uzurin kauce wa ziyara. Proust ya san wannan cuta tun yana fassara littattafan Ruskin, marubucin Ingila, a 1904 da 1906, ya kira ta bautar gumaka: ka so abu don ya tuna maka da zane. Swann da Charlus duk masu ido ne, ba wanda ya haifar da komai.

Sai ka kwatanta da mutuwar Bergotte. Ba shi da lafiya, ya ci ɗan dankali ya fita kallon zanen Vermeer na birnin Delft, don wani mai sharhi ya ambaci ɗan gefen bango rawaya da bai taɓa lura da shi ba. Yana kallo jiri yana ɗibarsa, yana cewa a ransa da haka ya kamata ya yi rubutu, ya yi ta shafa launi bisa launi. Ya faɗi daga kan kujera ya cika. Ba wanda yake kallonsa balle a ce burga yake yi. Proust da kansa ya je baje kolin zanen Holan a Jeu de Paume a 1921 yana fama da jiki, ya taɓa ganin zanen a Hague tun 1902.

Ɗan_Birni
Amma Bergotte ɗin nan da ya mutu, an sake ambatonsa da rai a gaba. Ko ni ne ban gane ba?

Baban_Laburare
Ka gane daidai. Proust ya rasu 18 ga Nuwamba 1922, juzu'i uku na ƙarshe sun fito bayansa, a 1923, 1925 da 1927, bai gama tace su ba. Mutuwar Bergotte ƙari ce da ya cusa a makare. Likita Cottard ma an ce ya mutu sannan ga shi a liyafa. Kada a gina wata fassara a kan irin waɗannan, gyara ne bai kai ba. A kuma san cewa farko da ƙarshe aka fara rubutawa, tsarin 1913 juzu'i uku ne. Yaƙi ya tsayar da ɗab'i, tsakiyar ta yi ta kumbura, labarin Albertine, budurwar mai ba da labari, ya faɗaɗa bayan Alfred Agostinelli, direbansa kuma sakatarensa, ya faɗa teku da jirgin sama a 1914. Mai son nazari da hujja ya nemi bugun Pléiade mai juzu'i huɗu na 1987 zuwa 1989 ƙarƙashin Jean-Yves Tadié, akwai daftarori a bayansa. Na karatu kawai, Folio ya wadatar. Kuma duk wanda zai kawo lambar shafi ya faɗi bugun, in ba haka ba mu yi ta neman juna.

Gwanin_Tarihi
A koma kan Madame Verdurin, don Alƙalami ya ba kiɗa ladan da ba nasa kaɗai ba. Shari'ar Dreyfus ta yi aiki. Dreyfus hafsan soja ne Bayahude, an ɗaure shi a 1894 bisa zargin cin amanar ƙasa, marubuci Zola ya buga wasiƙarsa ta kare shi a Janairun 1898, aka wanke shi a 1906. Littafin ya kamanta jama'a da madubin nan mai gutsattsarin gilashi da ake juyawa, kowace juyi sabon fasali. Madame Verdurin ta bi 'yan Dreyfus, abin ya jinkirta mata shiga wajen manya, amma ya tara mata marubuta da 'yan siyasa. Odette ta bi masu ƙin Dreyfus alhali mijinta Bayahude ne mai goyon bayansa, sai ga manyan matan da ba sa amsa gaisuwarta suna zuwa falonta. Duc ya rasa shugabancin Jockey ya ɗora wa shari'ar laifi. Yariman Guermantes ya gamsu a ɓoye cewa mutumin ba shi da laifi, ya sa limamin coci yana yi masa addu'a, ashe matarsa ma ta riga shi. Sannan yaƙin 1914 ya ƙarasa: mijin Verdurin ya mutu, ta auri tsohon Duc de Duras, shi ma ya mutu, Yariman Guermantes da karyewar Jamus ta talauta ya aure ta. Dukiya da takaba biyu ne suka kai ta, kiɗa ya share hanya kawai.

Hajiya_Uwar_Ɗaki
Kuma kada a manta da burodinta na croissant. Ana tsakiyar yaƙi ana ƙarancin abinci, ta sa Cottard ya rubuta mata takardar likita wai shi ne maganin ciwon kanta. Tana tsoma shi a kofi tana karanta nutsewar jirgin Lusitania, baki yana cewa wayyo, fuska tana annuri.

Mai_Goge
Akwai dare ɗaya da ya ɗauki maganar Alƙalami da ta Malama a lokaci guda, daren kiɗan mutum bakwai a La Prisonnière. Charlus ne ya shirya shi a gidan Verdurin don ya ɗaga Morel, mai goge, ɗan wani bara, saurayin da Charlus yake mutuwar so. Ya gayyato manyan danginsa. Suka zo suna ta surutu, da aka tashi suka yi layi suna yi wa Charlus godiya, uwar gida tana tsaye ba mai kula ta. Kafin gari ya waye ta zuga Morel ya yi masa tas a gaban mutane. Sarauniyar Naples ce, da ta dawo ɗaukar maficinta da ta manta, ta kama hannunsa ta fitar da shi. Duk wannan tsani ne da ramuwa. Amma a cikin wannan ɗakin dai mai ba da labari ya ji abin da ya juya masa rayuwa. Kuma wa ya fitar da kiɗan? Ƙawar 'yar Vinteuil, wadda ta tofa wa hotonsa yawu a Montjouvain, ita ta yi shekaru tana warware rubutunsa da ba mai iya karantawa. Ta ƙazamar hanya kiɗan ya iso, bai kuma rage komai ba.

Bazazzagi
Ni inda nake da ja daban ne. Ina talaka a shafuka kusan 3000? A otal ɗin Balbec da dare, ɗakin cin abinci ya zama kamar tankin kifi na gilashi, masunta da ma'aikata suna leƙe daga duhu, har aka tambaya ko gilashin zai ci gaba da kare masu ci. Daga wannan layin sai aka koma ciki, ba a sake fitowa ba. Mafitar da Malama take faɗa ta mai gado ce. Proust ɗan babban likita ne, uwarsa daga gidan masu kuɗi, aikin da ya taɓa karɓa a ɗakin karatu na Mazarine ba albashi kuma da kyar ya taka wurin. Ɗakin da aka liƙe da ɓawon itace a Boulevard Haussmann don kada ƙara ta shigo, da Céleste Albaret, mai kula da gidansa, tana jiran ƙararrawa har asuba, kuɗi ne ya saye su. Juzu'in farko ma da kuɗinsa kamfanin ɗab'i na Grasset ya buga.

Malama_Tawa
Ban musa ba, Malam Bazazzagi, kuma littafin bai ɓoye ba. Amma ka duba wa aka ba matsayin gwani. Ranar da Norpois, tsohon jakada, zai zo cin abinci, Françoise ta je kasuwar Les Halles da kanta tana zaɓen nama, aka kamanta ta da Michelangelo yana zaɓen dutse. A ƙarshe mai ba da labari ya ce ba zai yi ƙarfin halin cewa zai gina littafinsa kamar babban coci ba, sai dai kamar riga, kuma Françoise mai faci ta fi masu ilimi gane takardun da yake liƙawa. Ya kuma yi wa masu kiran a yi adabi mai sauƙi don ma'aikata dariya, ya ce in sauƙi ake nema ai 'yan Jockey ne suka fi buƙatarsa. Ko wannan ya biya bashin masuntan, wannan kuma sai a yi ta ja.

Bazazzagi
Bai biya ba. Yabon kuku daban, ba ta bakin magana daban. Har ƙarshe ta bakin ɗan masu gida muke jin ta, yana dariyar kuskuren Faransancinta.

Baban_Laburare
Zargin nan ya girmi dukanmu. Gidan ɗab'i na NRF ya ƙi littafin a 1912, André Gide, ɗaya daga cikin jagororin gidan, ya rubuta wa Proust a Janairun 1914 yana nadama, ya ce ya ɗauke shi ɗan bin majalisun manya ne kawai. Da ya ci kyautar Goncourt a 1919 da ƙuri'a 6 a kan 4, littafin da ya kayar na Roland Dorgelès ne a kan sojojin rami, jaridu suka yi ca, ga tsufa, yana da shekara 48, ga kuɗi. Walter Benjamin kuma a 1929 ya karanta shi a matsayin mai tona asirin masu ci ba su noma ba.

'Yar_Maraɗi
To hanyoyi biyun nan na yawo a Combray fa, ta gidan Swann da ta Guermantes? Su ma ba alama ba ce?

Dogon_Nazari
Su kam alama ce, kuma su ne ƙashin bayan ginin. Ta Méséglise, wato ta gidan Swann, gajera ce, fili da aubépine, ana bin ta ko hadari ya haɗo. Ta Guermantes doguwa ce, bakin kogin Vivonne, sai an tabbatar da rana. Ƙofar fita ma daban, yaron ya ɗauka ba sa taɓa haɗuwa. Can gaba Gilberte ta ce masa ai ana iya zuwa Guermantes ta Méséglise, ita ce ma hanya mafi kyau. A lokacin ita 'yar Swann da Odette ta riga ta sauya suna zuwa Forcheville ta auri Saint-Loup, jinin Guermantes, 'yarsu kuma ita ce mahaɗar. Ki ci gaba da karatu dai, mun riga mun ɓata miki da yawa.

Alƙalamin_Damagaram
Na karɓi gyaran Gwani a kan Dreyfus da takaba. Na Malama kuwa da saura. A ranar ƙarshe, mai ba da labari yana shiga farfajiyar Yariman Guermantes ya yi tuntuɓe da duwatsun daɓe marasa daidaito, Venis ta dawo. Cokali ya bugi faranti, adikon goge baki mai sitaci ya taɓa leɓensa, duk a ɗakin karatun Yarima, bara yana kawo masa abin sha. Wahayin ma a gidan manya ya sauka. A wannan yammacin kuma Berma, gwanar gaske, ta shirya shayi ba wanda ya zo sai saurayi ɗaya, kowa ya tafi sauraren Rachel, 'yar wasan da ake yayi, a gidan sabuwar Gimbiya, har 'yarta da surukinta suka sulale suka bi. Wa ya ci?

Gwanin_Tarihi
Rachel ta ci majalisa, wannan ba gardama. Sai dai majalisar da ta ci, sabbin shiga cikinta ba su ma san waye Swann ba, Bloch, abokin mai ba da labari, ya koma Jacques du Rozier da tabarau mai ido ɗaya ana yi masa kallon dattijon arziki. Malam Baban_Laburare, wurin Berma ɗin yana cikin waɗanda Proust ya tace, ko shi ma daga littattafan daftari aka kwaso shi?

Baban_Laburare
Le Temps retrouvé gaba ɗaya daga littattafan rubutun hannu aka haɗa shi, ƙaninsa Robert Proust da mutanen NRF suka shirya, bai ga ko shafin gwaji ɗaya ba. Berma ma an faɗi mutuwarta a wani wuri kafin wannan shayin. Ku duba bayanan ƙarshen juzu'i na huɗu na Pléiade kafin kowa ya jingina hujjarsa da ita.